Zango a Kurmi: Neman Sani ko Sayen Wahala?

Muna zaune a tsakar gida bayan sallar Isha'i, cikin watan Maris, lokacin da zafin Tamale ke fitar da kowa daga ɗaki, sai ƙanena ya kawo maganar. Shi da abokan karatunsa na jami'a sun shirya in an yi hutu su tafi Ankasa, su kafa tanti su kwana uku a cikin kurmi. Kawu ya ajiye carbinsa a kan tabarma ya tambaye shi ina ne kuma Ankasa. Yaron ya ce can ƙuryar kudu maso yamma ne, dab da Elubo a bakin iyakar Kwaddibuwa, kurmi ne wanda ganyensa ba ya zuba, rani da damina kore shar.

"Wa ka sani a can?"

"Babu kowa, Kawu."

"Saro za ku yi?"

"A'a, kwana za mu yi kawai, mu ga daji."

Kawu ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ɗana, ka biya kuɗin mota na tafiyar da ta haura kilomita 700, ka bar gado da rufin kwano, ka je ka kwanta a ƙasa ruwa na dukanka, kuma har sai ka biya kafin a bar ka ka kwanta? Wannan ai sayen wahala ne da kuɗinka."

Tun daga wannan dare maganar ba ta bar ni ba, domin na san ɓangarorin biyu daga ciki. Na kwana a tanti a gandun dajin Mole ba sau ɗaya ba, na kuma taɓa kwana a Ankasa. Amma a hannun Kawu na tashi, kuma na san ba ya furta magana sai da dalili.

Dalilinsa na farko, wanda yaron bai kama ba, shi ne abin da tanti yake nufi a wurin mutanen zamaninsa. Kawu ya ga tanti a 1994, lokacin faɗan da ya haɗa Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gwanja, sa'ad da mutane suka baro ƙauyuka da ɗaurin kaya a ka. Ya sake ganin sa a ambaliyar 2007, kuma kusan duk shekarar da aka buɗe madatsar ruwan Bagre a Burkina Faso, Farar Volta ta cika ta malale gonaki, akwai iyalan da ke komawa ƙarƙashin tamfol ko ajin makaranta. Tanti ɗaya ne yake da daraja a idonsa, na Mina, wanda ya kwana a ciki shekarar da ya sauke farali. To ga mutumin da ya san tanti ko dai a masifa ko a ibada, ka ce masa za ka shige shi don nishaɗi, abin yakan zo masa kamar wasa da halin da wasu ke kuka a cikinsa. Ban ga laifinsa ba.

Sai batun hatsari, kuma a nan Kawu yana da rana da wata. Ran 19 ga Maris 2017 iska mai ƙarfi ta taso a magangarar ruwa ta Kintampo, wata ƙatuwar bishiya ta faɗo a kan masu wanka, aƙalla mutum 18 suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare ne daga Wenchi da suka je yawon buɗe ido. Kintampo a kan hanyarmu ta zuwa Kumasi take, kowa a Tamale ya ji labarin, kuma iyaye da yawa tun daga ranar suka rufe ƙofar irin wannan tafiya. Ƙara da kububuwa, wadda ita ce ke yawan saran manoma a arewa, da sauro, da tsando, da cutar shawara da ta ɓarke a ƙasar Gwanja a ƙarshen 2021, ba nisa da Mole. Wanda maciji ya sara cikin dare a tsakiyar kurmi, ina asibiti, ina motar kai shi?

Inna kuwa damuwarta daban. Ita tambayarta su wa da wa za su je, akwai 'yan mata a ciki, wa zai tashe su Asuba. Ba kuma daga sama ta ɗauko ba. A Tamale in aka ce yaro ya fara shiga daji, hankalin uwa ba ya zuwa ga tsuntsaye, yana zuwa ne ga ɗan dajin nan na tsakiyar gari kusa da kasuwar Aboabo, wanda ya yi ƙaurin suna da shaye-shaye. Ta kuma ƙara da abin da uwarta ta gaya mata, cewa daji yana da masu shi, ba a faɗa masa haka nan babu sallama. Masu boko sukan yi murmushi in sun ji wannan. Ni ba na yi. 'Yan kilomitoci kaɗan arewa da gari akwai kurmin Malshegu, ɗan ƙaramin daji da Dagomba suka tsare tun kaka da kakanni, ba a sara, ba a sa wuta, ba a shiga sai da izinin mai kula da shi. Duk kewayensa an share an nome, shi yana nan tsaye. Ko me mutum ya yi imani da shi game da dalilin tsaron, abin da ya raya waɗannan bishiyoyi shi ne mutane sun yarda akwai wurin da ba naka ba ne ka shiga yadda ka ga dama.

Akwai hujja ta huɗu, wadda ba a gidanmu na ji ta ba, kuma ita ce ta fi yi mini nauyi. Wani dattijo ne ya faɗa mini ita a wani ƙauye da ke gefen Mole, ina sayen doya a hannunsa. An keɓe Mole a 1958, aka mai da shi babban gandun daji na ƙasa a 1971, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. Kafin nan akwai ƙauyuka a ciki, aka tashe su. Dattijon ya ce, "Malam, shirun nan da kuke zuwa saurare, ai mu aka kwashe aka same shi." Ya ce in ɗansa ya kwana a wannan daji da bindigar toka don ya samo wa iyali nama, kama shi za a yi a kai shi kotu, in ɗan birni ya kwana a daji ɗaya don jin daɗi, rasit za a ba shi. Giwa kuma in ta fito ta cinye masa gonar rogo a dare ɗaya, ba ta san iyakar gandu ba. Ban samu abin ce masa ba a ranar, kuma har yau ban samu amsar da ta gamsar da ni sarai ba.

To me ya rage wa yaron?

Abu na farko da ya rage masa yana cikin sunan unguwar da aka haife shi. Zango muke kiran unguwanninmu, daga Tamale har Kumasi har Ankara, har gwamnati ta ɗauki kalmar ta sa a takardunta. Zango kuwa ba komai ba ne illa inda ayari ya sauke kaya ya kwana. Kakanninmu fatake ne. Suna tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da turkuɗi da kayan fata, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su yi watanni a hanya kafin su iso Salaga a ƙasar Gwanja. Kowane dare a daji suke yada zango, su kafa 'yan bukkoki na ciyawa da rassa, su hura wuta saboda kura da zaki. Madugu ne ke da ikon ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka watsu, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu Kumasi, kuma da Turawa suka dawo da hedikwatar arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, zangon nan namu ya samu gindin zama. Duk Bahaushen Gana jikan mai kwanan daji ne.

Me kuma ya kawo su? Goro. Goro kuwa ɗan kurmi ne, bishiyarsa ba ta son ranarmu, sai inuwa da laima da ruwan sama na kudu. Wani abin lura shi ne, tsawon shekaru masu yawa sarakunan Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, ba su bar fataken arewa su wuce su shiga kurmin da kansu ba. A Salaga ake kawo musu goron su saya, sai bayan da Ingila ta karya ƙarfin Kumasi a 1874 al'amarin ya fara sauyawa. Wato mun gina arziki da suna a kan ɗan itacen da yawancinmu ba mu taɓa ganin uwarsa ba. Har yau babu ɗaurin aure, babu suna, babu gaisuwar surukai a Zango sai da ƙwaryar goro, amma tara yaran unguwa ashirin ka tambaye su kamannin bishiyar, da wuya ka samu biyu.

Da na kawo wannan tarihi, Kawu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Falke riba ta fitar da shi. Wannan me zai dawo da shi?" Tambaya ce mai kyau, kuma hanyar da zan iya amsa ta ita ce in faɗi abin da ni na dawo da shi.

Daren da na kwana a Ankasa, abin da ya fara kama ni duhu ne. Mu mutanen fili ne. A Mole in ka fito daga tanti cikin dare sama a buɗe take, ga Kaza da 'Ya'yanta, ga taurari har ƙasa, kana iya gane gabas da idonka. A kurmi babu sama. Rassa sun haɗe can ƙololuwa, hawa kan hawa, na ɗaga hannuna gaban fuskata ban gan shi ba sai da na kunna tocila. Da Magariba ta yi sai da na tambayi ma'aikacin gandun da ke tare da mu ina rana ke fitowa, domin tun la'asar ban ga ƙwayarta ba. Ƙasa jiƙe take, ganye ya ruɓe a kan ganye, ko'ina ƙanshin laima; mutumin da ya saba da ƙurar hunturu sai ya ga ko wurin taimama babu, amma ga rafi yana gudu kusa, ruwan sanyi ƙarara. Masu tallar irin wannan tafiya suna cewa kurmi shiru ne. Ba haka ba ne. Abin da babu shi ne ƙarar babur da janareto da lasifika. Gyare da kwaɗi ba su tsagaita ba har gari ya waye, ruwa yana ɗiga daga ganye a kan tanti ko ba a yin ruwan sama, can tsakar dare kuma wani abu ya fara ƙara daga saman bishiya, a hankali, yana hawa yana hawa har ya zama kamar ihun mutum. Na tashi zaune gabana na faɗuwa. Ma'aikacin ya ce daga nasa tantin in kwanta, agwadar bishiya ce, dabbar da ba ta fi zomo girma sosai ba.

Da safe ya nuna mini layin kwarkwasa da ya ratsa taku kaɗan daga inda muka kwana, baƙi ƙirin kamar an shimfiɗa igiya, ya ce shi ya sa jiya ya hana ni kafa tanti a inda na zaɓa. Ya kai mu inda gorori suka tashi suka sunkuya suka haɗe a sama kamar rufin babban masallaci. Ya tsaya gindin wata bishiya da saiwoyinta suka fito kamar katangu, tsayinsu ya fi ni, ya ce in duba sama. Ban ga ƙarshenta ba. Yankin nan ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Gana, kusan ninki biyu na abin da muke samu a Tamale, kuma damina biyu suke yi a shekara, mu ɗaya. A aji an gaya mini wannan na rubuta na ci jarrabawa. Sai a gindin bishiyar nan na san abin da ake nufi.

Ribar kenan, kuma tana da amfani a gida. Da na dawo, idona ya buɗe a kan namu dajin. Na fara lura da buhunan gawayi da aka jera a bakin titi daga Buipe zuwa Yapei, na fara tambaya wace bishiya ce, aka ce mini har da kaɗanya, wadda matan arewa ke ci da 'ya'yansu daga manta. Na fara lura da manyan motocin da suka yi shekaru suna fitar da gungumen madobiya daga ƙasar Gwanja zuwa tashar jirgin ruwa a kai Sin. Gwamnati ta sha haramta saranta tana janyewa; a 2019 wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta ƙiyasta cewa an sare kusan bishiya miliyan 6 tun daga 2012, hukumomi suka musanta adadin, amma kututturan suna nan kowa na gani. A kudu kuma masu haƙar zinariya ta galamse sun mai da koguna irin su Pra da Ankobra ruwan kunu, ana kuma ta jayayya a kan haƙar ma'adinin boksait a tsaunukan Atewa. An ƙaddamar da ranar dashen bishiyoyi ta ƙasa ran 11 ga Yuni 2021 da burin dasa miliyan 5, abu ne mai kyau, amma yaron da bai taɓa tsayawa ƙarƙashin bishiyar da ta shekara ɗaruruwa ba, zai ɗauka tsiron da aka ba shi a leda ya maye gurbinta. Ɗaliban nan su ne gobe za su zauna a ofisoshin da ake sa hannu a kan takardar sara da ta haƙa. Na fi son wanda zai riƙe alƙalamin ya zama ya taɓa kwana a wurin.

Batun hatsari kuwa, gaskiya ne, sai dai a auna shi da ma'auni ɗaya. A watan Fabrairun 2016 wata bas da ta nufo Tamale ta yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo ɗin nan, fiye da mutum 50 suka rasu, kuma babu wanda ya daina zuwa Kumasi saro. A tafiyar Ankasa, hanyar ta fi kurmin ban tsoro. Abin da ya faru a magangarar ruwa darasi ne a kan lokaci da kula: ba a zama ƙarƙashin manyan bishiyoyi in hadari ya haɗo a farkon damina, kuma wajibi ne masu wurin su riƙa duba itatuwan da suka tsufa. Maciji ya fi samun mai tafiya da silifa cikin duhu. Takalmi rufaffe da tocila da tanti mai zif suna rage yawancin abin. Allurar shawara sau ɗaya ake yi, gidan sauro kuma kowa ya san shi. A Mole ba a barin kowa ya taka cikin daji sai da ma'aikaci mai bindiga a gaba. Shirin da kakanninmu suka yi kenan da wasu sunaye: ga madugu, ga jagaba, ga wurin sauka da aka sani. Addini ma ya koyar da cewa in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗaya shugaba, ya kuma sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru. Damuwar Inna tana da magani a nan: a san shugaban tafiya, iyaye su gan shi ido da ido, tantin mata daban da babbar mace a tare da su, a san mai kiran salla. In babu waɗannan, ina bayan Inna, kada a je.

Wuta ce abin da ni nake tsoro fiye da maciji, domin ita ba mai tantin kaɗai take ci ba. Manya suna tuna 1983, shekarar fari da gobarar daji da ta cinye gonakin koko da abinci a faɗin ƙasar nan, yunwa ta biyo baya. A kurmi mai laima da ƙyar ashana ke kamawa, amma a dajinmu cikin Janairu guntun garwashi ɗaya da aka bari ya isa.

Saura maganar dattijon mai doya. Masu goyon bayan yawon daji sukan ce ai baƙi suna kawo kuɗi. Suna kawowa, amma ina kuɗin ke tsayawa? Wanda ya sauka a masauki mai tsada, aka ɗauko shi daga filin jirgin Tamale a mota mai sanyi aka mayar, zai iya barin Mole bai gaisa da mutumin Larabanga ko ɗaya ba, sai dai ya tsaya ɗaukar hoton tsohon masallacinsu. Mai tanti talaka ne, dole ya sayi doya da ƙwai a ƙauye, ya hau babur ɗin ɗan gari, ya biya mai kwalekwale a Mognori, inda mutanen ƙauyen da kansu suke gudanar da yawon kogi. Wannan bai biya gonar rogon da giwa ta cinye ba, bai kuma mayar da kowa kufan kakansa ba. Abin da nake gani kawai shi ne, ɗalibin da ya zauna a kan benci ɗaya da wannan dattijo ya ji maganar daga bakinsa, ya fi wanda bai taɓa jin ta ba, kuma ban san wata hanyar da zai ji ta ba in yana Tamale.

Saboda haka ni na goyi bayan yaron, amma ban goyi bayan Ankasa a karon farko ba. Na ce masa ya fara da na kusa. Mole tafiyar sa'o'i kaɗan ce ta mahaɗar Fufulso da Damongo, titin kuma an shimfiɗa masa kwalta. Ya je cikin Disamba ko Janairu, lokacin da ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a bakin ruwa. Ya kafa tantinsa a kan tudun da ke kallon tafkunan, ya ga giwa ta sauko wanka da hantsi, ya ga mariya da gwanki, ya koyi ɓoye abincinsa daga bika, ya iya bambanta kaɗanya da ɗorawa da marke da maɗaci. Kunya ce mutum ya ƙetare ƙasa guda don ganin kurmin wasu alhali bai san sunan itacen da ke bayan gidansu ba. In ya iya wannan, ya dawo lafiya, ya nuna shi mai riƙe amana ne, sai a yi maganar kudu a wata shekarar.

Kawu bai ce ya yarda da hujjata ba, kuma na san har yanzu yana ganin akwai abin da ya fi wannan cancantar kuɗin. Ya dai amince da Mole, da sharaɗin shugaban tafiyar ya zo gida su gaisa. Da muka tashi shiga, yana naɗe tabarmarsa, sai ya kira yaron ya ce, "In Allah ya kai ka kudun nan wata rana, ka tsaya wurin manoma a hanya ka sayo mini goro da kwansonsa, yadda yake fitowa daga bishiya. Babanmu ya yi shekara arba'in yana kwance huhu a kasuwa, ni a cikin ganyen fita kaɗai na san shi."